Farar Hula a Cikin Taron Ɗalibai: Tunawa da Malam Idrisu

Ina cikin motar kamfani a hanyar Khumra, unguwar da wurin aikinmu yake a nan ƙasa mai tsarki, ranar wata Talata da safe, wayata ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce, matar Malam Idrisu, wadda a shekara goma sha ɗaya da na yi ina aiki da mijinta ba ta taɓa kirana da kanta ba. Tun kafin ta yi magana na san ba lafiya ba. Ta ce, "Sani, yayanka ya tafi. Bayan asuba ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a kai shi asibiti, halas, ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Muka sallace shi bayan azahar, muka raka shi makwancinsa. Ɗansa namiji tilo, Bashir, bai samu zuwa ba, domin yana ƙasar Filipin, kuma iƙamarsa ta nan, wato takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa.

A siton kamfanin da muke aiki kowa Abu Bashir yake kiransa, wato baban Bashir, ni kaɗai nake ce masa Yaya. A unguwar Hindawiyya ta garin nan aka haife shi. Kakansa ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba, shi kuwa bai taɓa ganin Katsina ba sai a bakin baƙi irina. Duk da haka kowace shekara sai ya sabunta iƙama a garin da aka yanke masa cibiya. Yakan yi dariya ya ce, "Wanda aka haifa a tasha bai san ko ya iso ba ne ko tafiya zai yi." Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, amma ƙofar jami'a ba ta buɗe wa mai takardu irin nasa da aljihu irin na mahaifinsa ba. Sai ya hau injin ɗaga kaya, ya yi shekara talatin a kansa. Ban taɓa jin ya zagi kowa a kan wannan ba. Abu ɗaya kawai ya ƙudurta, cewa Bashir ba zai gaji injin nan ba.

Ya zaɓi Filipin ne saboda an ce masa can karatu da sauƙi. Bashir ya shiga wata jami'a yana karanta harhaɗa magunguna. A lokacin muna da wani abokin aiki ɗan can, Ramon, wanda ƙwallon kwando ta shiga jininsa. Shi ya nuna wa Yaya cewa jami'ar ɗansa tana da ƙungiya, kuma yammacinsu can ya yi daidai da hutun rana namu. Daga nan aka samu matsala. Da an idar da azahar, Yaya zai kife kwali, ya jingina waya da gorar ruwa, ya buɗe shinkafarsa, ya ce, "Yalla ya Sani, zo ka ga yaranmu."

Ni mutumin ƙwallon ƙafa ne, kuma ban ɓoye masa ba. Nakan ce, "Yaya, wasan da ake cin ɗari kafin a tashi ai ba wasa ba ne, zuba gyaɗa a buhu ne." Shi ma in gaskiya za a faɗa, har ya koma ga Allah bai gane dalilin da wani jifan yake zama maki uku wani biyu ba. Amma ya san sunan kowane yaro, ya san wanda ya ji ciwo a gwiwa, kuma yakan saka su a addu'a. In an cinye su ba ya ƙarasa abincinsa. Mutumin da bai taɓa taka harabar jami'a ba, sai ka ji yana cewa "makarantarmu" da bakinsa cike.

Sai daga baya na gane sirrin. Sun yi alkawari da Bashir cewa duk ranar wasa zai sa farar hula ya zauna a bayan kwando, sashen da aka keɓe wa ɗalibai masu katin makaranta. Dogon yaro baƙi da farar hula a cikin dubban 'yan Filipin ba ya ɓata. Da kyamara ta ratsa ta wajen, Yaya zai buge cinyata ya ce, "Shuf, duba, ga ta can!" Wata rana ya ce mini, "Ku kuna kallon ƙwallo, ni kujeru nake kallo." Da Ramon ya koma gida, sai muka rage mu biyu a gaban wayar.

Kuɗin makarantar kuwa ba su tsaya inda ya same su ba. Kowace shekara sai an ƙara, kuma baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa. A shekara ta biyu Yaya ya sayar da motarsa ya dawo motar kamfani tare da mu. A ta uku Hajiya ta sayar da awarwaronta. Ba ya kuka da wannan, sai dai ya ce, "Ilimi ya zama kamar kwandon nan, kullum ka yi tsalle sai a ƙara ɗaga shi."

Bara, wadda ta kamata ta zama shekarar Bashir ta ƙarshe, aka buɗe wasanni muka nemi hula a bayan kwando muka rasa. Bashir ya aiko da saƙo cewa yana nan, Baba ya duba da kyau. Yaya ya sake kunna wasan daga farko, yana tsayarwa yana matso da hoton da manyan yatsunsa. Can a sama, kusa da rufi, inda 'yan gari masu tikiti mai araha suke zama, ya gano wani ɗan farin ɗigo. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya rufe shinkafarsa ya ce, "Hula ta koma sama, ya Sani. Ba shi da kati."

Bai buƙaci kowa ya gaya masa sauran ba. An sake ƙara kuɗi, abin da ya aika bai isa rajista ba, yaron kuma ya san babu sauran abin sayarwa a gida, sai ya yi shiru. Ni da gajen haƙurina na ce, "To ka kira shi mana ka tambaye shi!" Ya kalle ni kallon da ban manta ba. Ya ce, "Yaron da ya hana cikinsa ya sayi tikiti don kada in ji kunya, ni ne zan kunyata shi? Wallahi la, ba zan yi ba. Wannan amana ce tsakanina da kai." Bayan kowane wasa sai ya kira Bashir ya ce, "Na gan ka, ya waladi, ɗana, Allah ya yi albarka." Bai taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba.

Daga makon nan ya fara zuwa tashar jiragen ruwa ranar hutunsa yana sauke kaya, shi da ya haura hamsin da biyar. Nufinsa ya tara cikon ya aika a matsayin kyauta, ba tare da an ambaci komai ba. Na ga yana ramewa, na ga yana dafe ƙirji in ya sauko daga inji. Na yi masa magana sau ɗaya ya share, ni kuma na ƙyale. Wannan ƙyalewar tana cina har yau.

Kwana uku da rasuwarsa Bashir ya kira ni. Hausarsa ba ta da ƙarfi, kuka ya ƙara karya ta. Ya kira ni baffa da Larabci ya ce, "Ammu Sani, Baba ya mutu ina yi masa ƙarya. Shekara guda, kullum ƙarya." Na tuna amanar da aka ba ni. Sannan na karya ta, Allah ya yafe mini. Na ce, "Bashir, ya sani tun wasan farko. Ya gan ka a sama, kuma bai taɓa alfahari da kai kamar ranar ba." 

Da kamfani ya biya haƙƙin ƙarshen aikinsa, Hajiya da 'yan'uwan Bashir mata biyu suka ce sun yafe rabonsu, a kai makaranta. Da na je yi mata bangajiya, Hajiya ta ce daga bayan labule, "Da ransa ya nema bai samu ba, sai da ya kwanta aka ba shi." 

Makon jiya aka buɗe wasannin bana. Ban yi niyyar kallo ba, amma da aka idar da azahar sai na tsinci kaina na kife kwali na jingina waya da gorar ruwa. Ana cikin wasa kyamara ta ratsa bayan kwando, sai ga farar hula a tsakiyar ɗalibai, a layi na uku. Ban san lokacin da na ce "Ga ta can!" ba, na kai hannu zan bugi cinyar Yaya. Hannuna ya sauka a kan katakon da yakan zauna. Sito ya yi tsit, babu kowa sai ni da injinsa a ajiye.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Idrisu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa. Ya rayu baƙo a garin haihuwarsa, ka ba shi gidan da ba a sabunta masa takarda. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yanta haƙurin wannan rashi. Ka sa Bashir ya kammala lafiya, iliminsa ya zama sadaka mai gudana ga mahaifinsa. Mu da muka rage a bayansa, ka sa mu cika da imani. Amin.