Wasiƙun Asibitin Masu Tarin Fuka

A shekarata ta biyu a garin Greensboro na Amurka na yi irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, ina haya a gidan wata Hajiya 'yar Nijar mai kitso, kuma kullum da safe sai na haɗiyi ƙwaya. A ofishin lafiya aka yi mini allurar gwaji a hannu, wurin ya kumbura. Hoton ƙirji bai nuna komai ba, amma likita ta ce cutar tarin fuka tana kwance a jikina, sai na sha magani wata tara. Ban gaya wa kowa ba. Na san yadda ake ware wa mai wannan tari kwanonsa da moɗarsa a gida.

Cikin wannan hali wata malamarmu ta haɗa ni da wata tsohuwa Bayahudiya a unguwar Sedgefield, wadda ke neman mai buga mata tsofaffin wasiƙu a kwamfuta. Idonta ya yi rauni, tana so jikokinta su samu abin karantawa. Duk Talata da Alhamis sai in shiga bas daga tashar cikin gari, in sauka inda ta tsaya, in ƙarasa da ƙafa ta gefen filin wasan golf. Unguwar ba a tafiya a ƙasa. Masu motoci kan rage gudu su dube ni da mayafina, su wuce.

Ranar farko ta ce in riƙa kiranta da sunanta. Bakina ya ƙi. Mace ta haura tamanin, ta yi jika da ni. Na ce mata a wajenmu ba a haka, zan ce mata Mama. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To, ki ce. Yarana ma ba kullum suke faɗa ba."

Wasiƙun suna cikin kwalin takalmi guda biyu. Na mahaifiyarta ne, wadda tarin fuka ya kama lokacin Mama tana shekara shida. An fara kai ta wani asibiti a kan tsaunuka, amma ta ƙi cin naman wurin domin ba yankan addininsu ba ne, ta yi ta ramewa a kan burodi da madara. Na gane wannan ba sai an yi mini bayani ba. Ni ma wata uku na yi a garin kafin na san inda ake sayar da naman halal. Daga nan dattawan wurin ibadarsu suka shiga rubuta wa wani asibitin Yahudawa can yamma mai nisa, suna roƙon gado. Amsoshin gajeru ne: babu wuri, a jira; a aiko da takardar likita; a sake aikowa, waccan ta tsufa. Na buga irin waɗannan har na daina ganin kalmomin. Bayan ta samu gadon sai nata wasiƙun suka fara, da fensir, zuwa ga mijinta. Ana kwantar da su a baranda cikin sanyi domin su shaƙi iska. An hana su dariya da ƙarfi. Matar gadon kusa da ita an fitar da ita, ba a faɗi inda aka kai ta ba. Akwai wasu da harshen kakanninsu, rubutun yana tafiya daga dama kamar ajami. Ni ban iya ba, ita ma ta manta, sai muka ajiye su gefe.

Ni nake karantawa da ƙarfi, ita tana zaune da bargo a gwiwa. Wani lokaci ta yi gyangyaɗi, wani lokaci ni ce idona ke rufewa, domin maganin yana kashe mini jiki. Wata rana ta ce, "Ke ba ki da lafiya. Mene ne?"

Na gaya mata. Ta miƙo hannu ta ɗauki kofin shayina, ta kurɓa, ta mayar gabana.

"Ci gaba da karatu," in ji ta.

Ba ta cika maganar mahaifiyarta ba. Sau ɗaya ta ce mini, ba tare da ɗaci a murya ba, matar ta yi shekara uku a can har ta rasu, ba ta taɓa neman a kai mata ita ba. Mahaifinta ya je sau biyu a jirgin ƙasa, ita kuwa aka bar ta wajen gwaggonta. "Wasu matan ba su damu da yara ba," ta ce. "Ba laifi ba ne."

A kwali na biyu, kusa da ƙasa, na ci karo da wata wasiƙa ta mahaifiyarta. Na fara karantawa kafin na gane abin da ke ciki, kuma ba halin tsayawa. Ashe mijin ya rubuta mata cewa zai zo da yarinyar, likita ya yarda a nuna mata ita ta taga. Matar ta amsa cewa kada ya kuskura. Ta ce ta san kanta, in ta ga 'yarta babu gilashin da zai tare ta, sai ta rungume ta, kuma gara yarinyar ta tashi tana jin haushinta da ta kwanta a gado irin wannan.

Mama ta ce in maimaita. Na maimaita. Na jira kuka, bai zo ba. Ta daɗe tana shafa bargon.

"Babana ya san wannan," ta ce. "Shekara arba'in ya yi bayanta. Me zai rage shi in ya faɗa mini?"

"Wataƙila ya kasa ne, Mama."

"Wataƙila." Ta rufe ido. "Na tsufa da sake tunani a kan mutane. Yau ya isa haka, ki tafi gida."

Da na koma na tarar Hajiya tana tsefe wa wata mata kai a falo. Ta dube ni ta ce, "Ke kuwa wannan aikin na tsohuwa zai ƙarar da ke. Ga shinkafa can a firji, ki ɗuma." Na ci a tsaye, na yi la'asar, na kwanta da kayan jikina.

Mun ƙarasa sauran cikin mako uku. Wasiƙa ta ƙarshe daga ofishin asibitin take, layi huɗu, suna tambayar inda za a aika da akwatin mamaciyar. Mama ba ta sake tada waccan magana ba, sai dai ta sa na buga mata waccan wasiƙa ta mahaifiyarta ita kaɗai da manyan haruffa.

Da bazara ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa wata jiha, aka sa gidan a kasuwa. Bayan shekara guda malamarmu ta tare ni a bakin aji ta ce tsohuwar ta rasu, ta ba ni wani ƙunshi da ɗan ya aiko. Wasiƙun da na buga ne, an ɗinke su kamar littafi da baƙin bango. A shafin farko kaɗai na ga kuskuren bugu har uku, duk nawa. Ina da jarrabawa washegari, sai na sa shi a jaka na wuce laburare.