Ranar da Inna Ta Yi wa Farfela Fenti

Akwai wani dogon katako mai murɗaɗɗen jiki da ya shekara da shekaru jingine a zaurenmu na Tudun Wada. Mahaifina ya ce farfelar jirgin sama ce, Turawa suka ba shi lokacin da yake yi musu leburanci a filin jirgi. Babu wanda ya yarda. Abokansa suka ce itacen tuƙa kwalekwale ne, suna tsokanarsa da direban jirgi. Har ya rasu ana yi masa wannan dariyar, abin ya tsaya mini a rai.

Da na fara aikin koyarwa, na ji labarin wani dattijo ɗan kudancin Kaduna a unguwar Tunga, tsohon makanikin jirage. Na je na same shi, na ba shi labarin katakon.

Ya ce, "Ka duba tsakiya, kusa da rami, akwai lamba. Kawo shi, zan gaya maka wane jirgi ne."

Na koma na duba, ga lambobin nan kuwa, sun dushe amma suna karantuwa. Ban kwafe su ba, don sakarci. Sai na gaya wa Inna, mahaifiyata, ranar Asabar zan kai katakon.

Ranar Juma'a na dawo daga makaranta na tarar da shi a tsakar gida, kore shar, yana ƙyalli. Inna ta kira kafinta ya kankare shi tas da samfefa, ya cike duk wani tabo, ya shafe shi da fenti.

"Inna! Ina lambobin?"

"Wannan ƙazantar? Da haka za ka kai kayan gidanmu gaban baƙo, a ce ba mu da tsabta?"

Takaici ya hana ni cin abinci. Duk da haka na ɗora shi a kan akori-kura na kai Tunga. Dattijon ya shafa shi, ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai.

"Farfela ce kam. Amma ta wane jirgi, daga ina, wannan ya tafi."

Na dawo ina huci, na ce wa Inna ta goge shaidar da za ta wanke mijinta. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsince shinkafarta.

Ta ce, "Ni ban taɓa cewa ƙarya yake yi ba. Kai ne kake neman lamba."