Baba Sa'idu, Mai Zanen Giwa na Komah

Ina rumfata a kasuwar Dapaong, ina auna wa wata mata wake, sai Isifu direba ya zo ya tsaya a kaina. Tun da ma'aikata suka shiga yajin aiki waya ta mutu, saƙo sai dai a bakin direbobi. Bai tsokane ni ba kamar yadda ya saba. Ya ce, "Hajara, rufe kaya. Baba naki ya koma ga Allah, jiya aka kai shi bayan la'asar." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar waken a hannun maƙwabciyata, na shiga motarsa. Muka sha tsayuwa a shingen sojoji da na samari masu sanduna kafin mu iso Sokodé.

Da na iso unguwarmu, Komah, na tarar da ƙofar gidanmu cike da tabarmi, manyan mutane sun baza riguna suna jan carbi. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka daina amsa sallamar mahaifina tun bara, yau su ne a sahun gaba, kowa yana cewa Malam Sa'idu mutumin kirki ne. Ban san kirkinsa ya kai haka ba sai da aka rufe shi da ƙasa. Na gaishe su don tarbiyyar da ya ba ni, na wuce ciki raina yana tafasa.

Inna ba ta bari na gama kuka ba ta kama hannuna. A zangonmu, wato unguwarmu ta baƙi mazauna, idan mutum ya rasu, iyalinsa kan je wurin duk wanda suka yi saɓani da shi, su durƙusa su nema masa gafara kafin sadakar bakwai. Liman ya shigo ya tuna mata cewa akwai Alhaji Mamman mai motoci. Ni ce babba, ƙanena kuma hanya ta tsare shi a Lome. Inna ta ce, "Ki je, Hajara. Ba na iya barci. Kar a tsare ubanki a kabari saboda kwanon nama." Na san idan na je, unguwa za ta ce gidan Sa'idu sun yarda shi ne mai laifi. Idan kuma na ƙi, tsohuwar nan za ta ƙare da fargaba.

Don wanda bai san Baba ba ya gane abin da ake so in durƙusa a kai, sai na koma baya. An haife shi a wani ƙauye na bakin gulbi, wajen Mandouri. Yana saurayi gwamnati ta mai da ƙasarsu gandun daji. Masu gadin gandu suka ƙona rumbuna, suka kori mutane, suka kuma yi wa yayansa dukan da bai sake miƙewa daidai ba, a kan zabon daji da ya kama. Duk wanda ya yi ihun an zalunce shi a shekarun nan, Baba ya riga shi sanin zafin zalunci.

Ya sauko Sokodé ya koyi fenti, ya zama mai zane a jikin manyan motoci. Direbobi daga Nijar da Nijeriya sukan kwana a tasha suna jiran hannunsa, musamman don giwa. Ba ya kwafa daga hoto. Abin da ya gani da idonsa yake zanawa, lokacin da yake ɓuya a kan bishiya yana kallon garke yana shan ruwa. Ya taɓa ba mu labarin giwayen da suka kewaye gawar 'yar'uwarsu, suna taɓa ta da hanci, suka ƙi tafiya har rana ta faɗi. Yakan ce, "Abin da ya san mamacinsa, ya san kansa. Ku daina cewa dabba ba ta da hankali don kawai ba ta jin Hausa." Ba ya zubar da ruwan wanke fenti a kwata, saboda awaki suna sha a nan. Rami yake haƙawa a bayan rumfa. Abokan sana'arsa suka yi ta yi masa dariya a kan wannan, yana jin su bai fasa ba.

Wani malami a unguwarmu ya sha yin wa'azi a kansa, cewa mai zana abu mai rai zai sha tambaya ranar gobe. Baba bai taɓa mayar masa da magana ba. Idan sun haɗu shi ke fara gaisuwa.

Sai guguwar dimokuraɗiyya ta taso. Kowa ya manna rediyo a kunne, kowane mai shayi ya zama masanin mulki. A arewa masu gadin gandu suka tsere, mutane suka faɗa daji. Waɗanda suka koma noma gonakin iyayensu, Baba bai zarge su ba, har addu'a ya yi musu. Amma bayansu sai ga 'yan kasuwa da bindigogi da motoci, mutanen da ba a taɓa ƙona musu ko zana ba. Suka harbe duk abin da ke numfashi, suka yi bandar naman, suka loda. Ni da ke Dapaong na ga motocin suna wucewa, ƙuda na bin su. Baba ya ce da ni a lokacin, "Rediyo ya kawo musu sabuwar kalma, su kuma suka sa mata tsohon kwaɗayinsu."

Motar Alhaji Mamman ta shigo Komah da naman giwa, a bayanta kuwa ga giwar da Baba ya zana masa da hannunsa. Alhaji ya sa aka yi rabo gida gida. Kowa ya san ƙa'idar rabo a zango: ba a mayar da shi, ko daga hannun maƙiyi ya fito. In ba ka so, ka karɓa ka yi godiya, ka ba wani a ɓoye. Malamin nan mai wa'azi ya duba littattafansa, ya gano cewa zana giwa ne haramun, cin ta kuwa da sauƙi. An ce har ƙari ya aika a karɓo masa.

Baba ya ɗauki kwanonmu da kansa, bayan sallar Juma'a, ya ratsa unguwa ido na ganin ido, ya ajiye shi a gaban Alhaji cikin jama'arsa.

Alhaji ya ce, "Malam Sa'idu, lafiya? Naman 'yanci ne fa. Demokarasi ta zo, daji ya zama namu."

Baba ya ce, "Alhaji, waɗanda suka kore mu suna nan da ransu, ko hularsu ba ka taɓa ba. Giwa ce ta ƙona rumbun ubana?"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya juyo gida. Daga ranar aiki ya ɗauke. Masu motoci suka haɗa baki, ba wanda ya sake kawo masa ko ƙofar mota. Aka laƙaba masa karen gwamnati, shi da gwamnati ta raba da garinsu. Samari suka kifar masa da gwangwanayen fenti suna ihun 'yanci, iyayensu suna kallo daga inuwa. Jaruman da suka kasa ɗaga ido su dubi soja, ƙarfinsu ya ƙare a kan tsoho mai buroshi. A masallaci sai a bar fili tsakaninsa da na kusa da shi. Na roƙe shi ya dawo wurina Dapaong, ya ƙi. Ya ce an kore shi sau ɗaya, ya isa. Haka ya zauna a rumfarsa yana zane a kan katakon da ba mai saye, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Wannan shi ne laifin da ake so in nema wa gafara. Na kwana biyu ina juya abin, Inna tana ramewa a gabana. Ran nan da hantsi na yafa mayafi. A bakin ƙofa na tambaye ta ko shi Baba ya ce wani abu game da su Alhaji kafin ya cika. Ta faɗa mini, ta ce amma kada in kai maganar waje. Ban yi mata alkawari ba.

Na sami Alhaji Mamman a zaurensa, liman yana gefe, da malamin nan da sauran 'yan fada. Na durƙusa. Na ce, "Baba Alhaji, Inna ce ta aiko ni. Idan mahaifina ya ɓata maka, ka yafe masa don Allah."

Sai da ya gyara zama, ya tabbatar kowa ya ga 'yar Sa'idu a ƙasa. Sannan ya ɗaga murya, "'Yata, ubanki ya kunyata ni a gaban mutane, amma ni ba mai riƙo ba ne. Na yafe masa duniya da lahira." Zaure ya ɗauki kabbara, sai ka ce ya gina masallaci.

Na ce, "Mun gode, Allah Ya saka. Shi ma ya bar magana. Ya ce abin da aka yi masa, na aiki da na suna, ya yafe wa kowa. Amma haƙƙin dabbobin nan ba nasa ba ne balle ya yafe. Ya ce ku nemi inda za ku durƙusa."

Carbin Alhaji ya tsaya a hannunsa. Ya juya wajen liman, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Malam, wai da gaske dabba tana da haƙƙi a kan mutum?" Liman ya dubi malamin, malamin ya dubi tabarma. Duk cikinsu ba wanda bai ci naman ba. Na miƙe na kaɗe zanena na fito. A gida na gaya wa Inna an yafe, ta yi hamdala, ranar ta yi barci.

Ya Allah, ga bawanKa Sa'idu ya zo gare Ka, ba shi da kowa sai Kai. Ka jiƙansa, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata masa kabarinsa. Ya ji tausayin halittarKa a lokacin da tausayi ya zama abin zargi, Ka tausaya masa. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, Ka buɗe wa ƙanena hanya ya zo ya ga kabarin ubansa, Ka kwantar da tarzomar ƙasar nan. Ni kuma Ka sanyaya mini zuciya, don har yau in na wuce zauren nan ba na iya yin sallama da daɗin rai. Amin.