Ottavio Direba da Kwalaben Kan Dutse

Ottavio Ciccarelli ya kama tuƙin bas yana saurayi, bai saki sitiyari ba sai da kansa ya yi fari fat. Hanya ɗaya ya sani: ya tashi daga Sulmona da safe, ya bi ƙauyukan da ke manne a jikin duwatsun Abruzzo har inda kwalta ta ƙare, ya juyo. Ya ɗauki 'yan makaranta har suka girma suka riƙa saka masa nasu 'ya'yan a mota. Ya ɗauki cuku da magani da kaji, har da ɗan maraƙi sau ɗaya.

A ƙauyukan nan ba a tashi daga cin abincin rana sai an kurɓi amaro, barasar nan mai ɗaci ta saiwoyi da ganyaye. Kowane gida da nasa haɗin, kowa kuma zai rantse maka nasa ne na gaske. Duk inda aka zuba wa Ottavio, sai ya rufe bakin kofin da tafin hannu.

"Akwai rayuka a bayana," in ji shi. "Sai ran da na ajiye mota."

A ƙauyen ƙarshe yake cin abinci, a gidan abincin wata tsohuwa mai suna Ermelinda. Ita wannan magana ba ta taɓa shiga kunnenta ba. Kullum sai ta zuba, ya ture, ta ɗauke ta shanye abinta.

"Direba, in na zama mashayiya, alhakina yana wuyanka," takan ce.

Da ya yi ritaya sai zaman gida ya gagare shi. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya sake wa tukwanen matarsa Gelsomina wuri har ta rasa inda murfi yake. Wata safiya ta ajiye masa takalma a gaba.

"Tashi, Maigida. Ka yi wa rabin dutsen nan alkawari. Je ka cika, ko na samu in yi girki."

Tare suka tafi, a matsayin fasinja. Ottavio ya zauna bayan sabon direba yana taka birkin da babu a kowace kwana, Gelsomina tana mintsininsa a cinya.

Kafin su isa, labari ya riga su. Gidan Ermelinda ya cika. Aka ci taliya, aka bi da tsiren rago mai zafi. Sannan tsohuwar ta fito da kwalba, ruwan ciki rawaya kamar busasshiyar ciyawa, ta cika masa ɗan kofi. Kowa ya zuba masa ido. Ottavio ya ɗaga ya juye shi duka a maƙogwaro.

Fuskarsa ta yamutse, idanunsa suka kawo ruwa, ya dafe tebur yana tari.

"Inna, wannan ne kika yi shekaru kina roƙona in sha? Ai ko man birki ya fi shi daɗi."

Wurin ya ɓarke da dariya. Ermelinda ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta sake zubawa.

"Kai da ba ka taɓa shan kwana da gudu ba, shi ne za ka yi wa abina haka? Kurɓi kaɗan. Kada ka haɗiye. Bar shi a kan harshe."

Ya yi yadda ta ce. Da fari ɗan zaƙi ya ji, sai ɗacin ya taso ya cika masa baki, ya yi kamar zai tofar. Ya daure. Can sai ɗacin ya lafa, wani ƙamshi ya biyo baya, irin na ƙasar dutse in an yi ruwan farko. Da ya haɗiye, ɗumi ya sauka a ƙirjinsa, nauyin tsiren ya sake shi. Ya kalli kofin, sai ga shi yana murmushi.

"Ƙaro mini," ya ce.

Daga nan tafiyar ta zamar musu al'ada. Kowane mako su sauka a wani ƙauye. Na mai ɗinkin takalma ɓawon lemo da na'a-na'a ne suka yi masa yawa, yana sanyaya baki. Na ƙanwar fada, limamin coci, baƙi ne wuluk, mai kauri, ƙamshinsa kamar ƙonannen sukari. Na Tarcisio makiyayi kuwa da tazargade yake haɗawa. Kowa in ya zuba sai ya tsare Ottavio da ido, yana jira ya ji cewa nasa ya fi. Shi kuwa ba ya son ɓata wa kowa. Sai ya ce wannan na ranar sanyi ne, wancan kuma bayan cin nama ya dace.

Gelsomina ce ba ta da wannan kunya. Ashe harshenta ya fi nasa kaifi.

"Tarcisio, sukari ka cika. Tsoron ɗaci kake ji, kana ƙaton namiji?"

Makiyayin ya yi fushi, ya daina gaishe su. Bayan 'yan watanni sai ga shi a ƙofar gidansu da sabuwar kwalba, yana ta sunkuyar da kai. Ta kurɓa ta ce yanzu ya yi hankali.

Ana nan Ottavio ya ce shi ma zai haɗa nasa. Ya sayo saiwa a shagon ganyaye, ya jiƙa, ya tuna duk abin da ya ji daɗinsa a gidajen mutane ya zuba gaba ɗaya. Da ya tace, ya gayyaci kowa ran Lahadi. Suka cika bas suka sauko Sulmona, har Ermelinda da sandarta.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zubawa cike da murna. Suka kurɓa. Ƙanwar fada ta juya tana kallon bango. Ermelinda ta ajiye kofinta a hankali, ta goge baki.

"Ɗana, ka iya tuƙi," ta ce.

Ottavio ya kurɓi nasa, ya ji abin da suka ji, shi ya fara dariyar har da riƙe ciki. Sai mai takalma ya zaro kwalba daga aljihun kwat, Tarcisio ya zaro tasa, mata suka buɗe jakunkuna. Ashe ba wanda ya yarda ya taho hannu biyu. Tebur ya cika, wani ya ɗauko jita, Gelsomina ta ja mijinta suka taka rawa a tsakar gida har lokacin motar yamma ya yi.

Da za ta shiga mota, Ermelinda ta ce ya zo lokacin kaka ta koya masa. Yana zuwa kuwa har yau. Shi ke wanke saiwa ya yayyanka, shi ke ɗaga manyan tuluna. In an zo zuba kayan ƙarshe sai ta kore shi waje ta rufe ƙofa, ta bar Gelsomina a ciki. Yakan zauna a dakali yana shan hantsi, yana jiyo dariyarsu.