Bin Sawun Karsanar Dija

Na bar gidana a Ƙofar Ran kafin kiran assalatu, da sanda a hannu da guzurina a aljihun ciki. Matata Dija ta rako ni har zaure tana haska mini dakali da fitilar waya, domin har yanzu ba ta yarda da ƙafata ta hagu ba. Na ce mata zan je wajen Alkaleri in yi wa kawunta, Kawu Buba, godiyar zuwa dubiya. Gaskiya na faɗa, sai dai ban faɗi duka ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isa, tela ne ni. Bara babur ya kayar da ni a Gwallaga, na karye a cinya, na yi watanni a kwance. Dija ce ta riƙa juya ni, ta yi mini wanka, ta kwashe abin da ba a faɗa, ba ta taɓa ɓata fuska ba. Da na miƙe sai na shiga tunanin abin da zan ba ta. Na duba atamfa, amma matar tela ba ta rasa zane. Na taya 'yan kunne na fasa. Wani abokina ya ce in saya mata firji ta riƙa sayar da ƙanƙara, na ce wannan ai ƙarin aiki ne, ba godiya ba. Da na tambaye ta ita kanta, sai ta ce, "Tunda ka taka ƙasa ai ya isa," ta ci gaba da tsince shinkafarta. Dija Bafulatana ce. In kana jira ta faɗi abin da take so da bakinta, a zaune za ka tsufa.

Yayata Talatu ce ta fasa ƙwan. Ta ce, "Kai wai kana tsammanin kuɗin aiki da na magani daga sama suka faɗo? Saniyarta ta sa aka sayar." Na san tana da saniya a rugar kawunta, amma ban taɓa zuwa na gan ta ba. Ranar na daina neman shawara. Saniya aka sayar, saniya zan mayar.

Bauchi zuwa Alkaleri

Keke ya sauke ni a tashar hanyar Gombe, na yi asuba a masallacin tasha. Direba ya dubi ƙafata ya ce, "Baba, kujera biyu za ka biya, ko za ka naɗe ta?"

Na ce, "Wannan ta daina naɗuwa."

Na biya kuɗin mutum biyu na zauna a gaba. Sai wajen ƙarfe bakwai motar ta cika. Mun wuce shingen jami'an tsaro biyu, a ɗaya aka leƙa but aka ce mu tafi. A gadar Dindima muka tsaya, mata suka rufe tagogi da farantan soyayyen kifi, na sayi biyu da yaji don karin kumallo. Da hantsi muka shiga Alkaleri, kuma ranar kasuwa ce, yadda na tsara.

Ban nemi Kawu ba tukuna. So nake ya gan ni da igiya a hannu. Na nufi kara, inda ake cinikin shanu, kai tsaye, wani dillali mai jar hula ya tarbe ni kamar ya daɗe yana jirana. Ya zagaya da ni, na yi ta duba, har idona ya faɗa kan wata fara mai sheƙi, ƙatuwa, wadda ba a ganin haƙarƙarinta ko ɗaya. Na zaɓe ta yadda nake zaɓar ragon layya: na danna baya, na ji nama, na yi ciniki, na biya. Dillali ya sa albarka har sau uku, abin da ya kamata ya sa ni tunani.

Na sami Kawu Buba a gindin wata tsamiya inda makiyaya ke zama. Dogo ne, siriri, ba ya gaggawar magana. Bayan doguwar gaisuwa na kai shi wurin saniyar. Ya zagaya ta, ya duba haƙoranta, ya sunkuya ya dubi hantsarta.

Ya ce, "Ma sha Allah. Ta yi nama. Biki za ku yi, Malam Isa?"

Na ce, "Kawu, ta Dija ce. Madadin wadda ta sayar."

Ya sake duban saniyar. Sannan ya ce, "Juya ce. Ba ta haihuwa, shi ya sa ta samu wannan jiki."

Na ce to sai a canja a samo mai haihuwa. Ya girgiza kai a hankali.

Ya ce, "Ko wacce ka kawo za mu karɓa mu gode. Amma ba ita ba ce. Wadda aka sayar sunanta Wule, saboda farin da ke goshinta. Kakarta aka ba Dija ran suna, daga shanun mahaifiyarta, 'yar'uwata, Allah ya jiƙanta. Ita ma a hannun tata uwar ta samu. Jinin shanun nan da matan gidanmu yake tafiya, kuma a hannun Dija ya rage. Na hana ta, ta aiko sau biyu a sayar."

Na ji kunya ƙwarai, ba don juyar kaɗai ba. Na tambaye shi inda Wule take. Ya ce ta hau tirela zuwa kudu tun ranar, an daɗe da cinye ta. Amma tare da 'yarta aka kawo ta kasuwa, wata karsana, kuma ita ba ta hau tirela ba.

Kafin la'asar muka sayar wa wani mahauci juyar. Faɗuwar da na yi ta kai kuɗin keken ɗinki mai kyau, mai jar hula kuwa ya ci la'ada sau biyu a kan saniya ɗaya. Amfaninsa guda, ya haɗa mu da dillalin da ya tsaya a cinikin karsanar. Shi ya ce wani Malam Sale ne ya saye ta, manomi a wani ƙauye bayan Soro, kan hanyar Darazo. Ko tana nan, ko ya sayar, bai sani ba.

A rugar Kawu na kwana. An kawo mini fura da nono a ƙwarya, an shimfiɗa mini tabarma a kan gadon kara. Kawu bai ci komai a gabana ba, don ba a cin abinci a gaban suruki.

Ratsa Bauchi

Daga Alkaleri ba a zuwa Soro sai an dawo Bauchi. Kawu ya ce zai raka ni, domin ko an jera mini karsanar a gaba ba zan gane ta ba, kuma ban yi musu ba. Muka shigo gari kafin azahar. Na ce wa mai keke ya kai mu tashar hanyar Darazo amma kada ya bi ta Ƙofar Ran.

Ya ce, "Alhaji, ta can ya fi kusa fa."

Na ce, "Na sani. Bi ta nesa."

Ya dube ni ta madubi, ya dubi Kawu, ya ja kekensa. Duk da haka a tasha sai ga wata maƙwabciyarmu da nake riƙe da ɗinkinta. Ta ce, "A'a, tela! An ce kana Alkaleri. Ina leshina?" Na ce Juma'a in sha Allah, na roƙe ta kada ta ce ta gan ni. Ta yi dariya irin ta wadda ta samu labari, ta ce bakinta alaikum. Ban yarda da ita ba, amma ba ni da yadda zan yi.

Soro da ƙauyen Malam Sale

Tafiyar Soro ba ta kai ta jiya wahala ba, sai dai motar ta tsaya sau biyu direba yana zuba mata ruwa. Mun sauka da la'asar, muka yi salla, na ci shinkafa da wake a wata rumfa. Kawu ya ɗauki nasa ya zagaya bayan rumfar.

Mota ba ta shiga ƙauyen, sai babur. Tun ranar da na faɗi ban sake hawa babur ba, kuma na yi alkawarin ba zan sake ba. Na tsaya ina kallonsa. Mai babur ya ce, "Baba, in tafiya ce mu tafi, rana tana yi." Na ce masa karaya gare ni, in ya wuce gudun jaki zan sauka. Na hau, na ɗora sandar a cinya, na riƙe rigarsa da hannu biyu. Hanyar yashi ce da kwazazzabai, mun ratsa rafi guda da ya kusa ƙafewa. Addu'ar da na sani duk na karanta, wasu sau biyu.

Malam Sale gajere ne mai fara'a, muka same shi yana gyaran rumbu. Da ya ji daga inda muka fito sai ya sa aka kawo ruwa da tabarma. Ya ce karsanar tana nan, yanzu za su dawo daga kiwo. Na ce alhamdu lillahi.

Gab da magariba shanun suka shigo, bakwai ko takwas. Ni duk ɗaya na gan su. Kawu bai tashi daga tabarma ba, ya yi wani kira daga maƙogwaro, sai wata siririya mai farin goshi ta ɗaga kai, ta bar layi ta nufo mu. Ya kama kunnenta ya nuna mini tsaga biyu, shaidar gidansu. In da a kara na gan ta, da ko tayawa ba zan yi ba.

Malam Sale ya ce, "Ni fa ba na sayar da karsana. Don iri na saye ta."

Na ba shi labari tun daga faɗuwata. Ya yi ta jinjina kai yana cewa Allahu akbar, amma bai ce ya sayar ba. Sai muka ji muryar matarsa daga bayan zana: "Malam, ka ba bawan Allah abinsa. Kai da zazzaɓin kwana uku ma sai ka tayar da gida." Ya yi dariya ya ce an gama da shi. Ya tausaya mini sosai, sai dai tausayin bai rage ko sisi ba. Abin da ya rage a aljihuna ya tafi, har da alkawarin zan ɗinka masa riga da wando na salla. Mai unguwa ya zo ya shaida cinikin ya ba mu takarda, saboda masu tambaya a hanya. Muka ci tuwon dawa da miyar kuka, muka kwana a zaurensa.

Komawa

Da safe ɗan'uwan Malam Sale ya kora mana karsanar zuwa bakin titi, ni kuma na sake hawa babur, wannan karon da ido a buɗe. A Soro muka samu a-kori-kura mai kai buhunan masara Bauchi. Direban ya ce zai ɗauke ta in za a wanke masa mota, na ce na ji. Mutum huɗu suka ɗora ta. Kawu ya zauna a baya tare da ita, ya ƙi shiga gaba. An tsayar da mu sau biyu, sau ɗaya aka duba takardar mai unguwa, sau ɗaya masu harajin dabbobi suka yanka mana rasit.

Kawu ya so mu wuce da ita ruga kai tsaye, domin can ne wurin zamanta. Na ce sai mai ita ta gan ta tukuna.

Mota ba ta shiga lungunmu. A bakin titi aka sauke karsanar bayan azahar, Kawu ya ja igiya, ni ina biye da sanda, masu shaguna suna tambaya ko suna za a yi. Na yi sallama a zaure na ce Dija ta fito ga Kawu. Ta fito da mayafi, ta durƙusa ta gaishe shi da Fulatanci, ba ta dubi inda nake ba. Sai da ta ɗago ta ga abin da ke bayansa.

Ta miƙe ta je ta kama kunnen karsanar, ta bi tsagar da yatsa, ta shafa farin goshin. Sannan ta kifa fuskarta a wuyan dabbar, ta daɗe a haka, kafaɗunta suna rawa. Kawu ya juya yana nazarin katangar maƙwabta. Duk watannin da na yi a kwance ban ga hawayen Dija ba ko sau ɗaya, sai ranar, a ƙofar gida, gaban mutane.

Da ta ɗago ta goge fuska da bakin mayafi, ta dubi ƙafata ta ce, "Ta kumbura. Shiga ka zauna in ɗora ruwa." Na shiga na zauna.

Washegari Kawu ya wuce da karsanar Alkaleri. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafafuna biyu. Na gode wa Kawu Buba da ya bar shanunsa ya bi ni, da Malam Sale, da matarsa wadda ban ga fuskarta ba. Dija ba ta ce mini ta gode ba, ni ma ban iya ce mata ba, kuma ba mu sake tayar da maganar ba. A watan jiya Kawu ya aiko cewa karsanar ta ɗauki ciki. Dija tana tankaɗe lokacin da na gaya mata. Ta ajiye rariyar ta ce, "Allah ya sa mace ce."