Falken da Ya Kasa Cewa Ƙofa

Kwanakin baya na tsaya a wani shago a Kwangila, nan Zariya, na'urorin karanta littattafai guda biyu a gabana, na rasa wadda zan ɗauka. 'Yata Safiya nake son saya wa. Yarinyar mayyar karatu ce, amma duk na Turanci, kuma Hausar bakinta ta fara miƙewa: ƙofa ta zama kofa, ɗaki ya zama daki. Abin yana damuna ƙwarai, domin na san ciwon. Da irin wannan harshen ni ma na zo unguwar Tudun Wada ina yaro.

A Legas aka haife ni, inda mahaifina yake aikin jirgin ƙasa. Da aka dawo da shi Zariya, muka sauka a gidan kakata, wadda kowa ke kira Iya. Ba ta kashe murhu bayan an sauke tuwo. Takan bar garwashin, ta binne dankali a cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta da an idar da magariba, ido kan dankali, kunne kan bakinta. Ran da na fara magana a wurin, na ce hayaƙi yana shiga "daki". 'Ya'yan baffana suka fashe da dariya har da faɗuwa. Iya ba ta yi dariya ba, kallona ta yi kamar ta ga sabon tsuntsu.

"Kai maigida," in ji ta, domin da wannan sunan take tsokanata, "wa ya goge maka harshe da dutsen guga?"

Washegari ta buɗe tatsuniya yadda ta saba: "Na ɗaure ta a gindin murhu, wa zai kwance?" Muka ce mu ne.

Wai wani falke ne ya daɗe a ƙasashen nesa har harshensa ya miƙe. Ya kamo hanyar gida da jakinsa, ya loda gishiri da tufafi, sai ya ɓace a daji, ga ƙaya ta rufe hanya ko'ina. Can ya tarar da wata tsohuwa a bakin rijiya, ya ja mata ruwa. Ta ce ya roƙi abu uku, amma ita abin da kunnenta ya ji take bayarwa, ba ta shiga zuciyar kowa. Falke ya dubi ƙafafunsa da suka sha suka, ya ce, "Ki kawar mini da kayan nan." Kafin ya rufe baki, gishiri da tufafi sun yi ɓatan dabo, ƙaya kuwa tana nan daram. Hankalinsa ya tashi, ya ce, "To ki nuna mini kasarmu." Sai ga wata ƙatuwar kasa ta fito daga ciyawa tana huci, har jaki ya tsinke igiya ya ranta a na kare. Saura roƙo ɗaya. Falke ya ce, "Ki kai ni kofar gidanmu." Tsohuwa ta karkata kunne ta ce, "Kofa? Ban san ta ba. Sake faɗa."

Nan Iya ta katse tatsuniyar, ta shiga tono dankali. Muka ce, "Iya, sai aka yi yaya?"

Ta nuna ni da itacen tonon wuta. "Ku tambayi maigida. Shi ne bakin falke. Ran da ya faɗa daidai, tsohuwa za ta ji."

Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta lokacin ba. Iya ta ci gaba da wasu tatsuniyoyin, amma ta bar falke a daji tare da kasa. 'Ya'yan baffana suka sa ni gaba, a hanyar makaranta, a bakin famfo, kowa "ka ce ƙofa mana!" Ni kaina son jin ƙarshen ya hana ni sakat. Kasar ta sare shi? Jakin ya dawo? Wata rana Iya ta kama yatsana ta ɗora a maƙogwaronta, ta ce ƙofa, na ji wani abu ya yi sama ya sauko. "Ka riƙe numfashi kamar za ka ɗaga tulu," in ji ta, "sannan ka sake shi." Na yi ta ƙaƙari a bayan gida har kaji suka saba da ni.

Ran da kalmar ta fito, ihu muka yi. Muka gyara zama za mu ji dogon labari. Iya ta ce, "Tsohuwa ta ji, falke ya buɗe ido ya gan shi a ƙofar gidansu, uwarsa tana shara." Shi ke nan. Na ji haushi, na ce kayansa fa? Ta ce, "Sun tafi. Amma ai ya iso." Ta tura toka kan garwashi, ta ce wuta ta kwanta, tatsuniya ta bi ta.

Wannan tatsuniyar ce na rubuta a wayata na tafi da ita shagon. Mai shagon, Malam Sani, ya fi yabon ta farkon, kuma da gaskiyarsa. Siririya ce, ba nauyi, fuskarta ba ta ƙyalli, tana da hasken ciki, ko ruwa ya zuba mata ba ruwanta. Ta biyun kuwa mai kauri ce, takan ɗan yi jinkiri kafin ta juya shafi. Batirin kowacce yana kai makonni, abin da ya fi mini komai a garin da wuta take zuwa idan ta ga dama. Na roƙe shi ya tura musu rubutuna mu gani.

A cikin siririyar, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, sai wani ɗan akwati fanko ya tsaya a madadinta. Muka juya ta, muka canza salon haruffa, wani salon ma ya cire lanƙwasar gaba ɗaya. Na tsaya ina mamakin yadda abu mai iya haɗiye dubban littattafai ya shaƙe da 'yar ƙugiya ɗaya.

"Yallaɓai, ai ana ganewa," in ji Malam Sani. "Mu a waya wa yake sa lanƙwasa?"

Na ce, "Malam, ni da kai muna ganewa, don a kunne muka fara ji. Karanta mini wannan layin."

Ya karanta: falke yana son a kawar da kaya, sai aka kawar da kaya. Ya sake karantawa, ya yi dariya ya ce, "Lallai an kashe labarin." Mai kaurin ta nuna kowace lanƙwasa tsaf, har tana yarda a ƙara mata wasu haruffan. Ita na ɗauka.

Safiya ta ɗan yatsina fuska da ta ga kaurinta, amma ta zauna a tsakar gidanmu na Hanwa ta hau karatu. Can ta ɗago. "Baba, me ya sa wannan k ɗin take da ƙugiya, waccan ba ta da ita?" Na kama yatsanta na ɗora a maƙogwarona. Da ta kai inda tsohuwa ta ce sake faɗa, ta yi ta taɓa shafi, babu komai, domin a nan na tsayar da rubutun. Ta ce sauran fa? Na ce yana bakinta.

Shekaru da yawa ina ɗauka Iya raina mana hankali ta yi da wannan guntun ƙarshen. Sai yanzu na gane ba kayan falke ne suka dame ta ba. Tsoronta kada jikanta ya tsaya a ƙofar gidansu ya yi kira, na ciki su kasa gane abin da yake faɗa. Tsoron da nake ji ke nan game da Safiya.

Jiya da safe ina alwala, na ji ta daga ɗaki tana ce wa uwarta, "Umma, iska tana buga ƙofa." Ba ta ma san ta faɗa ba. Na ajiye buta, na ɗauko waya da jiƙaƙƙen hannu in rubuta mata ƙarshen tatsuniyar, domin akwai mutumin da ya daɗe a daji yana jiran a kai shi gida.