Gyaran Murya a Bakin Kogi

Kawuna manomi ne a Kamarawa. Tun muna yara yake ba mu labarin ɓauna, alhali shi kansa bai taɓa ganinta ba. Mahaifinsa ne ya gan ta a fadama, zamanin da akwai kurmi. Shekarar da yanar ido ta fara rufe mashi gani, sai ya kira ni ya ce, "Ɗana, kai ni in ga dabbar ga tun idon na da saura."

Na tsara tafiyar yadda nake tsara komai. Da farko munka gama yankan gero. Na biyu, munka shiga mota daga Isa, kwana biyu a hanya, har gandun dajin Gashaka. Na ukku, na kafa ma Kawu doka: ba surutu, ba tari, ba rediyo.

"To, hedimasta," in ji shi. Aji shida na tsaya, ban taɓa riƙe alli ba, amma haka yake kirana.

Mu mutanen rairayi ne. Ban san dutse na iya shigewa cikin gajimare ba sai can. Kawu ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya tambayi mai gadin dajin da ke mana jagora, "Kai, wa ka noma bisa wanga abu?"

"Ba kowa, Baba."

"Asara!"

Kwana biyu muna tafiya a ƙasa. Mun ga gada, mun ga mugun dawa, mun ga birai ba iyaka. Kawu ya yi ma wani babban biri raɗa: "Ɓarawon dawa, ashe nan anka ba ka gida." Na harare shi, ya yi shiru. Ɓauna kuwa babu.

Safiya ta ukku ita ce ta ƙarshe. Jagora ya nuna mana kashin ɓauna ɗanye a kan turba, ya sa yatsa a baki. Munka gangara wajen kogi cikin ciyawar da ta fi mu tsawo. Sai na ji motsin ruwa, facal-facal.

A garinmu namiji ba ya faɗa ma bakin gulbi haka nan. Mata na iya kasancewa suna wanka, don haka sai ka yi gyaran murya tukuna. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na yi shi sau biyu, da ƙarfi, yadda anka koya mani.

Ƙasa ta girgiza. Jagora ya dafe kai.

Ashe garken ɓauna ne, suna cikin inuwa, inda ko ni da ƙyar za ni gane su. Da sunka firgita, sai sunka haye gangaren dutsen da ke tsallake, fili fetal, rana na dukan bayansu, baƙaƙe wuluk a kan koren ciyawa. Kawu ya damƙe hannuna har ya yi mani ciwo.

"Na gan su! Wallahi na gan su! Bakwai!"

Da sunka ɓace ya share ido da bakin rigarsa, ya juyo. "Hedimasta, doka ta nawa ce wagga?"



Biyar na ƙirga. Yau idon Kawu ya rufe gaba ɗaya, yana zaune a zaure yana gaya ma jikoki bakwai ne. Ni da ba na barin kuskure ya wuce, ban taɓa gyara mashi ba.